GYARAN MAKARANTA AMANA CE: DARASI DAGA ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fifita ɗan Adam da hankali da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi makarantun da suka lalace, da hanyar da Musulunci ya shimfiɗa domin gyara su. Za a ɗauki misali daga ƙananan hukumomi uku na kudu maso yammacin Jihar Katsina, watau Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, domin a can ne ciwon ya fito fili har makaho ma ya shafa ya ji.

ABIN DA YA AUKU

A daren Juma'a, 11 ga watan Disamba na shekarar 2020, 'yan bindiga suka faɗa wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara cikin daji da ƙafa, da yawansu ko takalmi babu. Ranar Alhamis, 17 ga watan, aka karɓo yara 344 a wajen Tsafe ta ƙasar Zamfara. Tun washegarin harin Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umurnin rufe makarantun kwana na jihar. Kwana biyu bayan sako yaran, aka tare wasu 'yan makarantar Islamiyya na garin Mahuta, cikin ƙaramar hukumar Ɗandume, suna komowa daga Mauludi, amma Allah ya sa aka kuɓutar da su nan da nan. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku, ba a maido ba sai a watan Disamba.

Abin da duniya ta ji ke nan. Amma akwai ɓarnar da ba ta shiga rediyo ba. Akwai ƙauyen da ya watse, makarantarsa ta zama kango. Akwai malamin da ya nemi canjin wurin aiki don tsoron hanya, ba a aiko da madadinsa ba. Akwai ɗakunan karatu na cikin gari da suka zama masaukin waɗanda suka gudo. Akwai kuma uban da ya ce wa ɗansa ya ajiye littafi, domin da mugun rawa gara ƙin tashi. Yaron da ya kai shekara shida a lokacin harin Ƙanƙara, idan bai shiga aji ba a sa'an nan, to yanzu shekarun firamare sun kusa wuce shi, kuma ba a sayo su a kasuwa.

ƘASAR DA TA SAN KARATU

Kada mai karatu ya zaci mutanen wannan yanki baƙi ne ga ilmi. Kusa da Tsafe, inda aka karɓo yaran nan, a nan tsohon garin 'Yandoto yake, wanda a zamanin da yana cikin ƙasar Katsina, kuma ya yi suna wajen tara malamai da almajirai tun kafin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A birnin Katsina kuwa ga hasumiyar Gobarau tana tsaye tana shaida. Can aka yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani a ƙarni na 17. Daga ƙasar Katsina ne Malam Muhammadu Alkashinawi ya fita, masanin lissafi da taurari, wanda ya yi wallafe-wallafe a Masar, ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741. Da boko ya zo, a Katsina aka buɗe kwalejin horar da malamai a 1922, inda Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, dukansu biyu kuwa da aikin koyarwa suka fara. Alhaji Isa Kaita, ministan ilmi na Jihar Arewa, da Malam Ahmadu Kumasi, jagoran yaƙi da jahilci, duk mutanen Katsina ne.

Saboda haka gyaran makaranta a wannan ƙasa maido da gado ne, ba aron baƙon abu ba.

CIWON YA RIGA 'YAN BINDIGA

Gaskiya ɗaci gare ta, amma tilas a faɗe ta: 'yan bindiga sun tarar da makarantun ƙauye da rauninsu. A 1976 aka soma shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. Niyyar kyakkyawa ce, amma yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, aka giggina ɗakuna cikin gaggawa. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai albashi ya fara makara, kwano ya yaye ba a mayar ba. A 1999 aka sake ƙaddamar da wani shirin a Sakkwato mai suna UBE, aka yi masa doka a 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta keɓe masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa.

Duk wannan ƙoƙari ya fi karkata ga abin da ido yake gani: yawan ɗakuna, yawan sunaye a rajista. Abin da aka yi sakaci da shi shi ne tambayar da ta fi kowace muhimmanci, watau shin yaron ya iya karatu? Makarantar da ta gaza ba ita ce wadda fentinta ya goge ba. Ita ce wadda yaro zai shekara shida yana zuwa, ya fita bai iya karanta wasiƙar da aka aiko wa mahaifinsa ba.

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah ya yi umurni da mayar da amana ga masu ita. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwatanta kowane mutum da makiyayi wanda za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo, tun daga shugaba har zuwa maigida da uwargida. Yaron makaranta amana ne a hannun mutum huɗu: hukuma, da malami, da iyaye, da jama'ar gari. Gyara ba ya tabbata sai kowannensu ya sauke nasa kason, kuma abu ne mai hawa-hawa, ba a tsallake na ƙasa a kama na sama.

MATAKI NA FARKO: AMINCI

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Makaranta tana hidimar hankali da addini, amma ba a gina hankali a kan ran da yake cikin firgita. Mai karatu ya duba addu'ar Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul Baƙara, aya ta 126, zai ga ya fara roƙa wa garin Makka aminci kafin ya roƙa masa arziki. Uban da ya hana ɗansa kwana a makarantar da ba ta da katanga, a bakin daji, ba maƙiyin ilmi ba ne. Makiyayi ne da yake tsoron tambayar Ubangijinsa.

Wannan nauyi na hukuma ne kafin kowa. Bayan sace 'yan matan Cibok a 2014, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta duniya wadda aka ƙulla a birnin Oslo a 2015. A watan Oktoba na 2023 kuma Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, wadda aka ɗebi matasanta daga ƙananan hukumomin da ke bakin daji. Amma sa hannu a takarda daban, katanga daban. Abin da hankali zai kama shi ne, a wurin da hatsari yake da yawa, makarantar jeka-ka-dawo ta kusa da gida ta fi ta kwana mai nisa; a san mai gadi, a san wanda za a kira idan an ga baƙuwar fuska, a koya wa yara inda za su nufa idan an ji harbi. Yaran da aka kora daga ƙauyukansu kuwa a karɓe su a makarantar garin da suka sauka ba tare da neman takardar da ta ƙone tare da gidansu ba, ko da za a raba karatu biyu, wasu da safe wasu da yamma. Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah ya umurci wani mutum ya ɗaure raƙumarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah. Tawakkali ba ya hana katanga.

MATAKI NA BIYU: MALAMI

Idan an sami aminci, sai a dubi malami, domin shi ne makarantar. Inuwar bishiya mai malami makaranta ce, bene marar malami kuwa gini ne kawai.

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan. Muhammadu ɗan Sahnun na birnin Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya wallafa ɗan littafi mai suna Adabul Mu'allimina, inda ya tattara hukunce-hukuncen malamin yara, yawancinsu daga mahaifinsa Imam Sahnun mai Mudawwana. A cikinsa an ɗauki malami a matsayin wanda aka yi ijara da shi, lokacinsa na yara ne. Bai halatta ya shagala da wani abu a lokacin karatu ba. Bai halatta ya riƙa aiken yara biyan bukatunsa ba. Har rakiyar jana'iza da gaida marar lafiya, duk da falalarsu, an hana shi barin yara dominsu sai wadda ta zama masa tilas. An kuma wajabta masa daidaita ɗan mai kuɗi da ɗan talaka.

To, idan jana'iza ba ta zama uzuri ba, ina ga cin kasuwar mako, ko zuwa gona, ko zaman majalisa a gindin bishiya yara suna ta ihu a aji? Lissafin mai sauƙi ne. Malamin da yake fashin kwana ɗaya cikin kwanaki biyar na mako ya cinye kashi ɗaya cikin biyar na karatun yaro, watau fiye da shekara guda cikin shekaru shida na firamare. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo labarin Sayyadina Umar yana zargin wani mutum da tauye mudu saboda ya rasa sallar la'asar, ya kuma nuna cewa kowane abu yana da cikawa yana da tauyewa. Ashe ke nan narkon da ke cikin Suratul Muɗaffifina bai tsaya ga mai awon hatsi kaɗai ba. Albashin da aka karɓa a kan aikin da ba a yi ba, akwai tambaya a kansa.

Amma mudu baki biyu gare shi. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudsi da yake nuna cewa Allah da kansa zai yi husuma ranar alƙiyama da wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Hukumar da ta jinkirta albashi, ko ta danne ƙarin girma, ko ta tura malami Sabuwa ko wani ƙauyen Faskari mai nisa ba muhalli ba alawus, alhali takwaransa na birni yana karɓar daidai da nasa, ita ma ta tauye mudu. A 2023 Gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki malamai fiye da 7,000 bayan ta yi musu jarrabawa, wannan kuwa abin yabo ne, domin cancanta aka auna, ba sanayya ba. Saura rabo: kada malamai su cunkushe a makarantun bakin titi, na cikin lungu su zauna da malami ɗaya. Hanya mafi dacewa ita ce a zaɓi 'ya'yan yankin masu ƙwazo, maza da mata, a tura su kwalejin ilmi, kamar ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma, su komo su koyar a garuruwansu. Ɗan gari ba ya neman canjin wuri.

MATAKI NA UKU: BA A WANKE ALLO SAI AN BIYA

A nan ne makarantar allo take da abin koya wa makarantar boko. Kowa ya san yaro yana farawa da babbaƙu, ya koma farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa baƙi da wasali. Malam ba ya barin almajiri ya wanke allonsa sai ya zo gabansa ya biya karatun, shi kaɗai, da bakinsa. Idan ya kakare, ya koma ya sake. Ba a tambayar shekarunsa nawa a tsangaya, ana tambayar inda ya kai ne. Ɗan Sahnun ma ya hana malami ya ciyar da yaro gaba daga wata sura zuwa wata sai ya kiyaye ta farko ya iya rubuta ta, ya kuma ce a keɓe lokaci sananne a kowane mako domin bitar abin da aka karanta.

A makarantar firamare kuwa an wayi gari ana wanke wa yaro allo ko ya biya ko bai biya ba. Shekara ta zagayo, an ciyar da shi aji na gaba. Yaron da bai gane baƙaƙe ba a aji ɗaya, ga shi a aji huɗu ana rubuta masa darasin kimiyya da Turanci a allon bango, yana kwafa kamar mai zanen hula. Kullum tazarar tana ƙaruwa, har ya yanke ƙauna, uban ma ya ga gara ya tafi da shi gona. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa ilmi ba ya zama sai an ba da shi kaɗan-kaɗan gwargwadon fahimtar ɗalibi, kuma tsananta wa yaro da duka yana koya masa ƙarya da kasala ne kawai. Bulala ba ta mayar da darasin da aka tsallake.

Maganin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ɗauki takarda guda, a rubuta baƙaƙe kaɗan, da kalmomi kaɗan, da ɗan gajeren labari da Hausa, da 'yan lissafin tarawa da ɗebewa. A kira yara ɗaya bayan ɗaya, a ga inda kowa ya tsaya. Sa'an nan a keɓe sa'a ɗaya ko biyu kowace rana a raba su bisa matsayinsu, ba bisa ajinsu ba: masu koyon baƙi gefe guda, masu haɗa kalma gefe guda, masu karanta labari gefe guda. Wata ƙungiya a ƙasar Indiya mai suna Pratham ta shahara da wannan hanya, an gwada ta an ga amfaninta, har ta bazu zuwa ƙasashen Afirka. Amma Bahaushe ya san ta tun kaka da kakanni, sunanta ne kawai bai sani ba. Kuma ita ce ta fi dacewa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda yaro mai shekara goma sha biyu zai komo aji bayan dogon fashi. A fara masa da harshen da yake mafarki da shi. Wanda ya iya karanta Hausa, koyon karatun Turanci da Larabci zai zo masa da sauƙi.

HAKKIN IYAYE DA JAMA'AR GARI

Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan hijira, an sami wasu kamammun Ƙuraishawa da ba su da abin fansar kansu, sai Manzon Allah ya sa fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan mutanen Madina rubutu. A lura da kyau: lokacin yaƙi ne, Musulmi suna cikin talauci, malaman kuma ba Musulmi ba ne, amma ba a jira zaman lafiya ya kankama ba kafin a fara. Wannan amsa ce ga mai cewa a bari sai ƙura ta lafa, amsa ce kuma ga mai ƙyamar ilmi mai amfani saboda hannun da ya fito. Likita da unguwarzoma da mai awon ƙasa, samar da su farali ne na kifaya; idan gari ya rasa, laifin yana kan kowa.

Kowace makarantar gwamnati an tsara mata kwamitin jama'ar gari mai kula da ita. Ya kamata liman da mai unguwa da dattawan mata su ɗauki wannan kwamiti kamar yadda suke ɗaukar kwamitin masallaci. Su leƙa rajistar malamai, su zauna a ji karatun yara sau ɗaya a zango, su karanta wa jama'a lissafin duk kuɗin gyaran da ya shigo, kamar wanda ake bayarwa ta shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina tana cikin jihohi bakwai da aka fara da su bayan amincewa da shi a 2020. Mai hali kuma ya tuna cewa rijiyar makaranta, da makewayinta, da ɗakin kwanan malami, duk sadaka ce mai gudana. A daidaita lokacin allo da na boko, asuba da dare na Alƙur'ani, hantsi na aji, kada a sa uba ya zaɓi ɗaya ya bar ɗaya.

'Ya'ya mata su ne farkon waɗanda ake cirewa idan tsoro ya zo, su ne kuma na ƙarshen komawa. Shehu Usmanu, a littafinsa Nurul Albabi, ya soki malaman da suke koyar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka, a zamanin da hanyoyi ba su da cikakken aminci. Hikimarta ita ce, idan ɗaliba ba za ta iya zuwa wurin ilmi ba, sai ilmi ya je wurinta. Malama guda a cikin gari, a zauren da iyaye suka amince da shi, za ta riƙe 'yan mata da yawa a kan karatu har hanya ta buɗe.

KAMMALAWA

Wanda yake son ya san ko makarantar garinsu ta gyaru, ba sai ya jira mai duba makarantu daga Katsina ba. Tambaya uku sun ishe shi. Yaron ya tafi ya komo lafiya? Ya tarar da malami a aji? Ya komo da abin da bai sani ba jiya? Duk tambayar da amsarta ta zama a'a, akwai mai amanar da ya kamata a je a yi wa nasiha, kuma sau da yawa mai tambayar yana cikinsu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari ba allo ba littafi, daji yana da masu jiransa da nasu darasin.

Allah ya ba Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da sauran ƙasa baki ɗaya zaman lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya saka wa malaman da suka tsaya a bakin aikinsu cikin tsoro, ya ba shugabanni ikon sauke amana. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.